Maganin Malam a Aljihun Baba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ya bar mana aikin haɗiya. Matan unguwarmu a Ajingi sun gaji da jin labarin nan a bakina, shi ya sa na ce bari in sa shi a takarda ko ya kai inda ƙafata ba ta zuwa. Labarin jinyar maigidana ne. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da ce masa a nan. Manomi ne, gero da gyaɗa, ni kuma ina matsar mai ina suyar ƙuliƙuli. Siririn mutum ne mai tsananin kunya, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Don wannan hali na so shi, kuma wannan halin ne ya kusa sa ni takaba.

Ciwon ya fara lokacin sharar gona, ana jiran ruwan farko. Ya dawo da yamma jikinsa da zafi, ya ce wani abu na sukansa a ƙirji ta hagu, yana hawa har kafaɗa. Na ce zafin rana ne, na dama masa kunun tsamiya. Washegari abin bai tafi ba. Abin da na lura da shi shi ne in ya kwanta rigingine sai ciwon ya taso, in ya zauna ya sunkuya gaba sai ya lafa. Haka ya koma rungumar wani buhun gero da ke ɗakinsa, ya kwantar da ƙirji a kai ya yini. Har na tsokane shi na ce tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa samun irin gatan da buhun nan ke samu ba. Ya so ya yi dariya, dariyar ta soke shi, ya dafe ƙirji.

Satin farko a kemis muka ƙare. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba da farin ruwan magani, ya hana yaji da tsami da mai. Gidan gaba ɗaya muka koma cin miya salam, yara na ta ɓata rai. Sati na biyu yayarsa, Yaya Tabawa, ta zo daga Balan da ƙullin hayaƙi, ta ce iska ce ya gamu da ita a gindin tsamiyar gonarsa, ita dama ta daɗe tana faɗa a sare bishiyar nan. Aka yi hayaƙi har idonsa ya yi ja. Wani maƙwabci ya ce mataccen jini ne, aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho a baya. Aka kawo rubutu, aka kawo zuma da habbatus sauda, aka kawo jiƙon da ban san sunan itacensa ba. Duk wanda ya shigo da nasa, Malam zai karɓa da hannu biyu ya sha a gabansa, don kada mutum ya ji an raina abin da ya kawo. Ba na zargin kowa, ƙauna ce ta kawo su. Amma cikin mutum ɗaya ne, kuma kowa ya tafi gida ni ake bari da shi.

A sati na uku ne na tsorata. Ina shara a tsakar gida yana sallar walaha a zaune, sai na ji yana yanke Fatiha yana jan numfashi. Mutumin da ke yini da garma a hannu. Na ajiye tsintsiya na aika a kira ƙaninsa Sunusi, na ce yau ko Malam ya yarda ko bai yarda ba sai Gaya. A asibitin can wani likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ya daɗe yana ji, ya sa shi ya sunkuya ya sake ji. Ya ce yana jin wata ƙara kamar ana murza busasshen ganye, kuma wannan ba daga ciki take fitowa ba, daga wajen zuciya ne. Ya rubuta mana takarda ya ce mu wuce Kano, kada mu tsaya sai an yi shuka.

Na sayar da tunkiyata, aka fitar da rabin gyaɗar da muka ajiye don iri. Muka hau motar farko daga tasha, Malam a gaba ya rungume jakar kayanmu, kowane rami a hanya sai na ga ya runtse ido. Babban asibitin nan na Kano kuwa, Allah ya saka wa masu aiki a cikinsa, amma wanda ya tsara layukansa bai taɓa jinya ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, in ka gama a ce hoton zuciya sai wani satin. Mara lafiyar da ba ya iya jingina bayansa aka bari a benci tun hantsi har la'asar. Na yi faɗa da wani mai tsaron ƙofa, na kuma yi kuka a gaban wata mai shara da ta ga halin da muke ciki ta ɗauko mini tabarmarta da kujerar roba, ta ce ya kifa ƙirjinsa a kan kujerar. Ban san sunanta ba, har yau tana cikin addu'ata.

Mun sauka a wajen wata 'yar ƙanwar uwata, muna zuwa muna dawowa. An ɗebi jini, an karɓi majina don a duba ko tarin fuka ne, an shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji aka haska zuciyar a talabijin. Tarin fuka bai fito ba. Likitar zuciyar mace ce, 'yar siririya mai gilashi, ba ta da saurin magana. Ta zaunar da mu ta ce zuciya a cikin jaka take zaune, jaka mai laushi, kuma wannan jakar ce ta kumbura take gogar zuciyar duk bugawa. Ta rubuta magani biyu. Ɗaya babba, na ciwo, na 'yan makonni. Ɗaya ɗan mitsitsi, da kaɗan ya fi ƙwayar dawa, sunansa kolcisin, guda ɗaya kullum har wata shida.

Malam ya ce, a ladabce, “Likita, in ciwon ya tafi fa?”

Ta ce, “Ciwon zai tafi da wuri, Malam. Kumburin ne ba ya tafiya da wuri. Ka san murhu in an gama girki, sama toka, ƙasa garwashi. Babban maganin zai kashe harshen wutar. Ƙaramin nan shi zai bi garwashin a hankali har ya mutu. In ka bar shi a hanya zai sake kamawa, kuma duk kamawa tana barin tabo. Jakar tana iya tara ruwa, ko ta yi tauri ta shaƙe zuciyar.”

Ta hana shi aikin ƙarfi, ta ce in ya ga gudawa ta yi yawa mu dawo. Maganar garwashin nan ta zauna mini, don ni mai murhu ce.

A tagar karɓar magani ne aka shuka mana abin da muka girba daga baya. Mai ba da maganin, saurayi mai fara'a, ya duba takarda ya leƙo ƙafar Malam ya ce, “Baba, yatsa ne ke kumbura?” Malam ya ce a'a, zuciya ce. Ya ce, “Au, to. Ai asalinsa maganin masu kumburin babban yatsan ƙafa ne, irin wanda ko zani ya taɓa sai mutum ya yi ihu. Daga baya aka gano yana yi wa zuciya aiki.” Hira ce kawai ya yi, ba shi da laifi. Ni maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Malam kuwa ba ya mantuwa.

Muka dawo gida an riga an yi shuka, Sunusi ya tsaya a kan gonar. Kafin sati ya zagayo Malam ya kwanta rigingine ya yi barci, buhun gero ya koma zaman kaɗaici. Na nemi ƙaramin maganin a kemis na nan da na Gaya don in san inda zan riƙa samu, duk ba su da shi, sai Kano. Saboda haka na mayar da shi kamar zinare. Na sa shi a ƙasan kwallata, kullum da safe in sa almakashi in yanko guda ɗaya da ledarsa, in miƙa masa da kofin ruwa bayan ya sha koko.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Ran nan sai ga Baba, mahaifina, daga Kademi. Baba dogon tsoho ne mai murya, yana da 'yan shanunsa da gonarsa, kuma bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Uwale yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Shekara da shekaru yana fama da babban yatsan ƙafarsa ta dama, ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ya sauka, ya sake dawowa, musamman in an ci naman Sallah. Shi sanyi yake ce masa. Ranar da ya zo abin ya tashi, ya sauko daga babur da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, yana taka dunduniya yana cije leɓe.

Wanda bai san Malam ba ba zai gane yadda yake da Baba ba. Kowa yana kunyar surukinsa, amma tasa ta wuce misali. In ya hango Baba a kasuwa zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a cikin rana, ba zai tashi ba sai Baba ya ɓace. Ranar ma yana jin sallamarsa ya zabura daga tabarma zai durƙusa, Baba ya ce, “Kai, zauna. Ni na zo duba ka ko kai ka zo duba ni?” Na kai musu ruwa zaure na koma kan girki. Abin da ya faru bayan fitowata sai daga baya na ji.

Baba bai roƙi komai ba. Malam ne ya zauna yana satar kallon yatsan nan, yana ganin yadda tsoho ke korar ƙuda daga kai da hankali. A aljihunsa akwai maganin ranar, don baƙi sun yi sammako bai samu ya sha ba. Ya fito da shi ya ajiye a gefen Baba, kansa a ƙasa, ya ce, “Baba, ga wani ɗan magani, an ce yana yi wa irin wannan. An ba ni da yawa, ya yi mini yawa.” Washegari ya faki idona ya aika masa da na ranar, jibi ma haka. Kafin kasuwa ta zagayo yatsan Baba ya saɓe. Sai ga saƙo daga Kademi, man shanu a kwalba da sa albarka, da 'yar magana a ƙarshe, wai in da saura a taimaka.

To ina Malam zai iya cewa babu? Lokacin an shiga noman farko, ya ce mini zai riƙa fita da wuri ya zauna a inuwa ya ga aikin 'yan ƙwadago, in zuba masa kokon a jarka ya sha a can, maganin ma a can zai sha tunda an ce sai da abinci. Na ga magana ce mai hankali. Da hannuna nake yanko maganin in sa masa a aljihun gaba. Da farko yana sha yau ya ajiye na gobe. Da ya ji jikinsa garau sai ya koma ajiye duka. Dama duk ranar kasuwa yana aika wa Baba goro, al'adarsa ce tun aurenmu. A cikin ƙullin goron nan maganin zuciyarsa ke tafiya Kademi.

Ranar komawa asibiti ta zo tsakiyar damina, ana maimai, hanya ta lalace, aljihu ya bushe. Malam ya ce mai lafiya me zai je yi a layi, a ba Sunusi takardar ya sayo maganin kawai. Aka yi haka. A watan ne na je suna Kademi, na tarar da Baba ya dawo daga gona a ƙafa, takalmi biyu, yana tafe kamar saurayi. Na yi murna har na yi masa tsiya na ce ko amarya zai ƙaro. Ya yi dariya ya ce, “Uwale, mijinki ɗan albarka ne. Ki riƙe shi da kyau.” Na ɗauka goron yake nufi.

Da gero ya fara nuna sai na shiga ɗakin Malam da rana na same shi ya kifa ƙirji a kan buhu. Gabana ya faɗi. Ya ce gajiya ce. Bayan kwana kaɗan na ga sawun igiyar takalmi ya nutse a bayan ƙafarsa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, in ya sunkuya ɗaukar buta sai ya tsaya ya huta. Na ce mu tafi Kano, ya ce a bari a cire gyaɗa. Ranar da aka fara cira, wajen azahar, sai ga Sunusi da mutum biyu sun shigo da shi ranga-ranga, leɓensa ya yi fari, gumi na tsatsafo masa, yana numfashi sama-sama. Ko mayafi a mota aka miƙo mini.

A wannan karon ba mu bi layi ba, da gudu aka wuce da shi. Ruwa ne ya cika jakar ya danne zuciyar, ta rasa wurin bugawa. Suka soka masa doguwar allura ta ƙasan ƙashin ƙirji suka zuƙo ruwan, ni ina waje na jingina da bango. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na tuna ban taɓa ce masa na gode ba don wani abu na musamman, kullum sai tsokana. Na roƙi Allah ya bar mini shi ko da ba zai sake ɗaga fartanya ba. Da aka bar ni na shiga, na ga ruwan a cikin roba, launin shayin da ba madara, na ga ƙirjinsa na hawa da sauka a hankali. Ya buɗe ido ya ce, “Uwale, an kwashe gyaɗar daga rana?” Na ce gyaɗar ta ci ƙaniyarta.

Kwana biyu bayan nan likitar ta zo ta tsaya a kansa. Ta ce gwajin jini ya nuna kumburin ya dawo fiye da na farko. Ta tambaya ko yana shan ƙaramin maganin kullum. Kafin ya buɗe baki na karɓe, na ce da hannuna nake ba shi, ko rana ɗaya ba a tsallake ba, in tana so in dafa Alƙur'ani. Har da ɗan zafi na faɗa, don na ji kamar jinyata ake raina wa. Malam ya juya fuska bango. Likitar ta ce in haka ne maganin bai karɓe shi ba, dole a koma wani mai ƙarfi, wanda ke kumbura fuska, yana taɓa ƙashi, yana iya tayar da sukari, kuma in an fara ba a saurin rabuwa da shi. Ta ce ba ta so, amma ba ta ga wata hanya ba. Za ta dawo da yamma a yanke shawara.

Da la'asar, lokacin shigar masu dubiya, Baba ya iso daga Kademi. Malam ya yunƙura zai sauko daga gado da robar ruwa a hannunsa, Baba ya daka masa tsawa ya koma. Baba ya zauna a kujera yana ta jero addu'a. Muna haka likitar ta shigo, ta gaida Baba, ta ce in kawo ragowar tsohon maganin ta gani, ko jabu aka sayar wa Sunusi. Na buɗe jaka na miƙa mata. Tana jujjuya shi a hannu, sai na ga Baba ya miƙa wuya yana kallo.

Ya ce, “'Yata, wannan na mene ne?”

Ta ce, “Na zuciyarsa ne, Baba. Shi ne ya kamata ya hana ruwan nan taruwa.”

“In bai sha ba fa?”

“In bai sha ba, abin da kuke gani ne.”

Baba ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya daɗe bai fito da shi ba. Sannan ya fito da wata 'yar leda ya kwance a kan gwiwarsa. Ƙwayoyi ne 'yan ƙanana, kowace da ledarta, an yanka ɗaya-ɗaya. Na san yankan nan. Almakashina yana da giɓi, duk abin da ya yanka sai ya bar masa ɗan kunne a gefe. Na zauna a bakin gado.

Baba bai kalli likita ba, bai kalle ni ba. Ya ce, “Malam, cewa ka yi ya yi maka yawa.”

Malam yana kallon bango, hawaye na bi ta gefen hancinsa. Ya ce, “Baba, na gan ku da takalmi a hannu.”

Ni dai na rasa wanda zan yi wa faɗa. Raina ya ɓaci, wata da watanni ina tattalin abu kamar ƙwai ashe a banza, ga 'ya'yanmu da ya kusa mayarwa marayu. Kuma a lokaci guda na ji son bawan Allahn nan ya cika mini ƙirji har ya yi mini ciwo, don ubana ya yi wa. Baba kuwa idonsa ya ciko, tsohon da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne yayana.

Likitar ta cire gilashi ta goge. Ta ce to alhamdulillahi, maganin bai gaza ba, ba a sha shi ba ne, don haka ba sai an koma mai ƙarfin ba. Za a sake farawa daga farko, wata shida cur. Sannan ta juya kan Baba, a hankali amma ba wasa. Ta ce maganin nan ƙarami ne a ido, amma in ya yi wa tsoho yawa, ko ƙodarsa ba ta da ƙarfi, yana iya kashe shi. Ta tambaye shi ko cikinsa na ɓaci. Baba ya sosa gemu ya ce lallai kwanan nan yana yawan zagayawa, amma ya ɗauka ɗanyar gyaɗa ce. Duk da halin da ake ciki sai da na yi dariya. Aka ɗebi jininsa shi ma, Allah ya rufa asiri ƙodar da sauran ƙarfinta. Aka rubuta masa nasa maganin daidai jikinsa, aka hana shi kayan ciki da romon kai, abin da har yau yake cewa zalunci ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mu nan in mutum ya ji daɗin magani, abu na farko da ke zuwa masa shi ne wa zai ba. Da shi muka tashi, ba a cin abu a hana na kusa. To maganin asibiti ba goro ba ne. An auna shi ne da jikin mutum ɗaya da kwanakinsa, in ka raba ka cuci kanka, kana iya cutar wanda ka ba. Kuma mai irin ciwon Malam, ranar da ya ce ya warke ita ce ranar da za ki ƙara sa masa ido. In mijinki mai kunya ne, kada ki yarda da aljihunsa, ki ga wucewar abin a maƙogwaro. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ba masu jinya haƙuri da abin sayen magani.

Malam ya cika watanninsa shida. Likitar ta haska zuciyar ta ce jakar ta kwanta, jinin ma ya yi kyau, bana har ya riƙe garma da kansa. Amma ba ni na ƙarasa jinyar ba. Ranar da aka sallame mu, Baba ya biyo mu har Ajingi, muna zaton zai kwana ɗaya ya wuce. Sai ya aika Kademi a kawo masa buzunsa da butarsa, ya bar wa ƙanina shanu, ya share gefe guda a zaurenmu. Yaya Tabawa ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin uba ya tare a gidan 'yarsa ba. Baba ya ce to yanzu ta ji.

Washegari da safe, rana ta ɗan ɗaga, ya ƙwala mini kira ya ce in kawo maganin da ruwa. Na kawo. Ya karɓa ya ɓare da kansa, ya ce a kira masa Malam. Malam ya zo ya tuɓe takalmi a bakin zaure ya durƙusa. Baba ya sa masa ƙwayar a tafin hannu ya miƙa masa kofi. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya fara ja da baya zai shige cikin gida.

Baba ya ce, “A nan.”

Malam ya tsaya. Tun ranar da aka kai gaisuwar aurenmu bai taɓa sa ko ruwa a baki a gaban Baba ba. Ya juya fuskarsa bango ya ɗaga kofin.

“Juyo.”

“Baba, ku yi haƙuri. Da nauyi.”

“Nauyin nan shi ya kai ka Kano a kwance. Na binne ɗa guda, na san yadda abin yake. Ba zan taka ƙafa lafiya in bi makararka ba. Juyo in gani.”

Malam ya juyo. Ya jefa ƙwayar a baki ya kurɓa ya haɗiye, idonsa a rufe. Baba ya ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe, ya leƙa kamar mai duba haƙoran bijimi a kasuwa, sannan ya gyaɗa kai. Ya ɗauko nasa maganin ya haɗiye da ragowar ruwan kofin. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, ya gyara murya ya ce, “Uwale, kawo kokon nan. Tare za mu sha.”

Malam ya ɗago ya dube ni, irin kallon mai neman ceto. Na shiga ciki na ɗauko kwano ɗaya da ludayi biyu.